Mawaƙi a Cikin Kumbo Mai Gudu Kusa da na Haske

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai son kiɗa. Na ji an ce lokaci yana jan ƙafa ga mai tsananin gudu. To idan mawaƙi yana cikin kumbon da ya kusa kamo gudun haske, muryarsa za ta canja?

Amsa: Ɗan'uwa, ya danganta da inda mai sauraro yake zaune. Wanda ke gefen mawaƙin ba zai ji wani bambanci ba, domin tare suke tafiya da iskar da ke ɗaukar sautin. Sauti mita 343 yake ci a daƙiƙa, jirgin sama na Concorde, kafin a daina aiki da shi a 2003, gudunsa ya kusa ninka wannan sau biyu, amma fasinjojinsa sun riƙa shan hirarsu lafiya lau.

Mu da aka bari a ƙasa ne abin zai shafa, kuma sai an turo mana waƙar ta rediyo, tunda babu iska a sararin samaniya. Ka tuna jiniyar motar asibiti: tana tahowa muryarta siririya, da ta wuce ka sai ta yi kauri. Christian Doppler ne ya bayyana haka a 1842. A 1845 wani masani ɗan ƙasar Holan, Buys Ballot, ya ɗora masu busa ƙaho a jirgin ƙasa, ya jera masu kunnen kiɗa a gefen layin dogo su saurara. Har yau wannan gwajin yana ba ni dariya, yana kuma burge ni.

Da wasiƙarka ta zo sai na ɗauki biro. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. A ce kumbon yana nisantar mu da kashi 60 cikin ɗari na wannan. Nisantar kaɗai za ta ja waƙar minti 4 ta kai minti 6 da daƙiƙa 24. Jan ƙafar da lokaci ke yi, wanda masani Albert Einstein ya yi bayaninsa a 1905, shi zai ƙarasa ta minti 8 cif. Sautin da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa ya dawo 220, muryar mace ta koma kamar ta ƙato.

In ya juyo gida da wannan gudun, minti 2 an gama, murya kamar ta ɗan tsako. Karin waƙar dai za ka gane shi, domin kowane sauti da ma'auni ɗaya aka ja shi ko aka matse shi. Rawar ce ban ga mai iya bi ba.