Miji Yana Legas, Ya Ƙi Saki: Wa Zai Raba Auren?

Tambaya: Malam, ina zaune a Aboabo, Kumasi. Shekara 3 ke nan mijina ya koma Legas bayan mun samu saɓani, har ya yi wani aure a can. Yakan turo kuɗin makarantar yara ta momo (hanyar tura kuɗi ta waya), ni kuwa ko sisi. Na nemi takardata, ya ce sai dai in mutu da igiyarsa. Yanzu wani ya fito yana sona. Wasu sun ce auren ya mutu da kansa, wasu sun ce babu mai raba shi sai mijin.

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya kawo miki mafita. Auren nan yana nan daram, daɗewar rabuwa ba ta kashe aure. Don haka wanda ya fito ɗin ya koma tun yau, a daina waya, a daina aike. Neman matar aure haramun ne, kuma ranar da mijinki ya ji labari, da shi zai kafa hujja a kanki.

Abin da na tsaya a kai cikin bayaninki shi ne kuɗin momo. Kuɗin makaranta haƙƙin yara ne. Cinki da suturarki da wurin kwananki haƙƙi ne daban, bai sauke shi ba. Amma ki gaya wa kanki gaskiya: shi ya tafi ya bar ki, ko ya kama ɗaki a Legas ya ce ki zo kika ƙi? In na biyun ne ba tare da uzuri ba, ciyarwa ta faɗi, hanyarki kul'i ce, wato ki fanshi kanki, ki mayar da sadaki. In na farkon ne, ba ki biyansa komai.

Masu cewa sai miji kaɗai, hujjarsu hadisin Ibnu Majah ne, cewa saki na hannun wanda ya riƙe ƙwauri. Hadisin ya zo ne a kan ubangidan da ya so raba bawansa da matarsa da ƙarfi, ba a kan alƙalin da yake ɗauke cuta ba. In da yadda suke faɗa ake fahimtarsa, me ya sa Sayyidina Umar ya rubuta wa shugabannin runduna cewa mazan da suka daɗe ba sa gida su ciyar ko su saki? Sai su ce to ai Gana babu kotun shari'ar Musulunci. Wannan ma malamanmu na Malikiyya sun gama da shi tuntuni: a Muhtasar, Shehu Halil ya ce inda babu alƙali ko mai mulki, mace ta kai ƙararta ga jama'ar Musulmi. Abin mamaki, littafin nan ake karantawa a zaurukan Zango, amma in mace ta zo da kuka sai a ce ta yi haƙuri. Haka kuma kada a ɗora miki jiran shekara 4. Wannan hukuncin matar wanda ya ɓace ne, naki kuwa an san unguwarsa, yana ɗaga waya.

Ki sa waliyyinki ya kai maganar gaban limamin yankinku ko fadar Sarkin Zango, a zauna da malamai adilai masu sanin fiƙihu. Su aika masa a rubuce, da shaidu, su yanka masa wa'adi: ya dawo, ko ya ɗauke ki, ko ya sake ki. Wa'adi ya cika bai yi ko ɗaya ba, su yanke saki ɗaya a madadinsa.

Ki kula da kan da za ki gina ƙarar. Sakin da aka yi don rashin ciyarwa kawai yana da kome, in ya kawo kuɗi cikin idda zai iya mayar da ke. Wanda aka yi don cutarwa da ƙauracewa babu kome sai da sabon aure da yardarki. Saboda haka ki adana saƙon da ya ce ki mutu da igiyarsa, kada ki goge.

Iddarki tsarki uku ce daga ranar hukunci, ba daga ranar da ya hau mota ba. In an yi wa auren rajista, sai kin bi ta kotu ma, dokar Gana ta 1971 ta rabuwar aure ta amince da ƙauracewar shekara 2 a matsayin dalili. Ki karɓi hukuncin malaman a rubuce da sa hannun shaidu, kuma kada a hana yara gaisawa da ubansu. Wallahu a'alam.