Me ya sa kowa ya koma siyayya ta waya? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni dai abin nan ya ɗaure min kai, ƙawayena duk sun daina zuwa kanti, komai sai su danna waya a kawo musu har ƙofar gida, ni kuma sai na taɓa abu da hannuna hankalina ke kwanciya. Har cewa suke na zama 'yar da. Wai me suke samu a can ne, kuma ni ce ke asara ko su?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ke ba 'yar da ba ce, kuma su ma ba a banza suka koma can ba. Da yawa za su ce miki araha ce ta ja su, ni kam ban yarda ita ce kan gaba ba. Abin da ya fi jan mutane shi ne lokaci, sai kuma sani. Ki duba fa, in kin shiga kanti mai kaya ya san komai game da kayansa, ya san nawa ya saro, ya san wanda ake yawan dawo masa da shi, ke kuma abin da ya faɗa miki kawai kika sani, in kina son jin farashin wani wuri sai kin sake fita kin sha rana kin bi layi. A waya kuwa cikin minti biyar kin buɗe shago uku kin gwada farashinsu, kin karanta abin da waɗanda suka riga ki saye suka ce, ko da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne bayan yara sun yi barci. Ga mai aiki tun safe har yamma, ko mai jego, ko wanda tafiya ke masa wuya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne wallahi.

Akwai wani abu da nake so ki lura da shi don shi ne zai amsa miki tambayarki. Da Amazon, babban kamfanin nan na sayar da kaya ta intanet, ya fara ciniki a 1995 littattafai kawai yake sayarwa. Dalili kuwa, littattafai sun yi yawan da babu kantin da zai iya ɗauke su duka, sannan littafi ɗaya ne ko a ina kika saye shi, ba sai kin shafa ko kin shinshina ba. To har yau haka abin yake, kayan da suke iri ɗaya a ko'ina su ne suka fi dacewa da intanet.

Abin da ya daɗe yana hana mutane shi ne tsoron cinikin biri a sama, ka ba da kuɗi ga wanda ba ka taɓa gani ba. A ƙasar Sin kamfanin Alibaba ya fito da hanyar biyan kuɗi ta Alipay, inda ake riƙe kuɗin mai saye ba a ba mai kaya sai ya ce kaya sun iso lafiya, kuma wannan dabarar ta sa mutane suka saki jiki sosai. Daga baya wayoyin zamani suka yi araha, kanti ya shigo aljihun kowa. Sai ga annobar korona a 2020 aka kulle mutane a gida, waɗanda suka rantse ba za su taɓa yin oda ba dole ta sa suka gwada, suka ga kaya na zuwa, shi ke nan da yawa ba su koma yadda suke da ba.

Maganar araha kuma, eh wani lokacin gaskiya ne tunda mai sayarwa ta intanet ba ya biyan hayar shago a bakin babban titi, sito kawai yake buƙata. Amma ki riƙa haɗa kuɗin kawowa a lissafi kafin ki ce kin samu sauƙi, sau da yawa a nan bambancin ke narkewa.

Shawarata, abin da yake da suna da lamba, kamar caja, waya, littafi, ko sabulun da kika saba da shi, ki gwada oda ba komai. Abin da jiki ko hanci ko hannu ke yanke wa hukunci, katifa, turare, takalmi, yadi, ki ci gaba da zuwa da ƙafarki, gani ya kori ji. Kuma kar kowa ya sa ki ji kamar ke kaɗai kika rage, ko a Amurka cinikin intanet bai kai kashi 20 cikin 100 na abin da ake sayarwa ba.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ina da shagon kayan lantarki, abin da ke ƙona min rai yanzu mutum zai shigo ya ɗauki abu ya jujjuya, in ɓata lokaci ina masa bayani, sai ya zaro waya ya duba ya ce zai dawo, kuma ba zai dawo ba. In rufe shagon in koma intanet ne?

Amsa: Malam kar ka rufe. Na san abin da ciwo, kai ka biya haya da wuta ka yi bayani, wani can ya ci cinikin. Kuma ba zan ɓoye maka ba manyan kantuna sun faɗi a Amurka, Toys R Us ya durƙushe a 2017, Sears a 2018, duk da su bashi ma ya taimaka wajen kayar da su, ba intanet kaɗai ba. Amma a wannan shekarar ta 2017 ɗin Amazon da kansa ya sayi kamfanin Whole Foods mai ɗaruruwan kantunan kayan abinci, ka ga ke nan wanda ya fi kowa sanin cinikin intanet ma bai raina shago ba.

Wanda ya zaro waya a gabanka farashi yake dubawa, to kai ma ka riga shi dubawa kullum da safe, ka san nawa ake sayar da kayanka a can har da kuɗin kawowa. In tazarar kaɗan ce ka faɗa masa kai tsaye, ka tuna masa a nan zai gwada a gabansa ya tafi da shi yau, in ya ba da matsala ya san fuskar da zai dawo wa. Ka ɗauki hoton kayanka masu kyau ka sa a shafinka na intanet da farashi a rubuce, don wannan "yi min magana ta ciki" ɗin yana korar masu saye fiye da yadda kake zato. Ka bar mutum ya yi oda ya zo ya karɓa ko ka aika masa. Haɗa biyun za ka yi.

Tambaya: Anti na yi odar takalmi, a hoto ya yi kyau, da ya zo ya matse ni kuma launin ma daban, mai kayan ya ce ba a mayarwa. Ya zan yi in kauce wa irin wannan?

Amsa: Sannu ƙanwata. In ta manhaja kika biya ki shigar da ƙorafi a cikinta yau ɗin nan da hoton abin da aka tallata da wanda aka kawo, sauyin launin shi ne hujjarki mafi ƙarfi. In da kati kika biya ki tuntuɓi bankinki ki ji ko za a iya ƙalubalantar cinikin. Nan gaba, kafin farashi ma ki fara karanta sharaɗin mayarwa. A Tarayyar Turai doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki a yawancin kaya ko ba dalili, amma ba ko'ina ake da wannan ba, saboda haka abin da shagon ya rubuta shi ne madogararki. Ki auna ƙafarki da santimita, lambar takalmi na bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Sharhin masu saye kuma ki nemi na waɗanda suka ba kayan maki tauraro biyu ko uku da masu hoton gaske, don na bogi sun yi yawan da a 2024 sai da hukuma a Amurka ta kafa ƙa'idar hana sayensu da sayar da su. Duk wanda ya ce ku fita daga manhaja ki tura kuɗi asusunsa don ya rage miki, ki rabu da shi, lambar sirri kuma ba a ba kowa.

Tambaya: Tunda na sauke manhajar siyayya kuɗina ba sa kai ƙarshen wata, kuma rabin kayan ban ma buɗe su ba. Laifina ne?

Amsa: Ɗan'uwa ba kai kaɗai ba ne, an gina abin ne don kar ka samu damar tsayawa ka yi tunani. Tun 1999 Amazon ya yi rajistar dabarar saye da dannawa ɗaya, kuma agogon nan da ke ƙirga maka "saura awa biyu rangwame ya ƙare" aikinsa ke nan, ya hanzarta ka. Da can tafiya kanti da ƙirga kuɗi a hannu su ne birkinka, yanzu an cire su, sai ka mayar da su da kanka. Ka goge katinka daga manhajar yadda duk oda sai ka tashi ka nemo shi, ka kashe sanarwar da take turo maka, duk abin da ya burge ka ka bar shi a kwandon manhajar ya kwana kafin ka biya. Waɗanda ba ka buɗe ba kuma ka duba yanzu, wataƙila wa'adin mayar da wasu bai wuce ba.