Tambaya da Amsa: Sabunta Tsohon Kabad da Gadon Ƙarfe da Kuɗi Kaɗan

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi kabad na katako da gadon ƙarfe a hannun wata dillaliya. Dukansu suna da ƙwari, sai dai fentin kabad ɗin ya yi ɓawo, ƙafafun gadon kuma sun fara tsatsa. Abin da ya rage mini bai wuce jaka goma ba, mai fenti kuwa ya yanka mini kuɗin da ya fi ƙarfina. Shin zan iya yin aikin da kaina?
Daga wata mai karatu, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Za ki iya, in Allah ya yarda, muddin kin amince cewa mafi yawan aikin yana gabanin buɗe gwangwanin fenti ne.

Ki fara da duba kayan da kyau. Idan kika ga ƙananan huduji a jikin katakon, da wani gari mai laushi yana zuba a ƙarƙashinsu, to ƙwaro na ci daga ciki, kuma fenti ba ya kashe shi, don haka sai kafinta ya canza wannan sashen tukuna. Gadon kuwa ki kwance shi, ki kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗansa saboda kuɗin cizo, ki bar shi ya wuni a rana. Kabad ɗin ki cire hannayensa, ki goge shi da tsumma da ruwan sabulu domin maiƙon hannu da na girki ya fita, sannan ki bari ya bushe sarai a inuwa.

Daga nan sai gugar katako. Ki sayi sanfefa iri biyu, mai kaushi lamba 80 ko 120 domin ɓawon fenti, da mai laushi lamba 180 ko 220 domin gamawa, kina bin yadda jijiyar katakon ta kwanta. Ba dole ne tsohon fenti ya fita duka ba. Abin da ake buƙata shi ne mai ɓamɓarewa ya tafi, ƙyallin sauran kuma ya mutu domin sabon ya sami abin kamawa. A nan ina roƙon ki da ki kula matuƙa, domin tsofaffin fentin mai da yawa suna ɗauke da dalma, kuma ƙurarta guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Maƙwabtanmu na Zamfara sun rasa ɗaruruwan yara a shekarar 2010 sakamakon ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ki yi gugar a waje, ki riƙa jiƙa wurin da ruwa kaɗan don kada ƙura ta tashi, ki rufe hanci da baki, kuma kada yaro ko mai juna biyu ya matso kusa. Tsagu da ramukan ƙusa ki cike su da garin katako da aka kwaɓa da farin gam. Garin nan kafinta zai ba ki shi kyauta.

Tsatsar gadon ki kankare ta da burushin waya har ƙarfen ya fito, sannan ki shafa jan fentin nan mai hana tsatsa. Wannan shi ne wurin da ba zan so ki yi tsimi ba, domin tsatsar da aka rufe ba a kankare ba sai ta sake ɓullowa da damina.

Fentin mai za ki saya, ba fentin ruwa na bango ba, wanda ke bin tsumma da zarar an goge. Lita ɗaya tana shafe wajen murabba'in mita 10 a shafi guda, saboda haka idan kika zaɓi launi ɗaya ga kayan biyu kin rage kashe kuɗi. Ki shafa siriri, ki jira kwana guda, ki ɗan bi da sanfefa mai laushi, ki sake shafawa. Shafi mai kauri yana zuba, ya bushe a sama ya bar ɗanye a ƙasa.

Sai batun ƙurar Maradi. Na taɓa shafa wa wani tebur shuɗin fenti a tsakar gida cikin hunturu, da gari ya waye na shafa hannu na ji shi da kaushi kamar sanfefar da na goge shi da ita, dole na sake aikin daga farko. Ki yi shafinki da sassafe kafin iska ta taso, a rumfa ko zauren da iska ke ratsawa, bayan kin yayyafa ruwa a ƙasa, kuma ban da tsakiyar rana, domin zafi yana sa fenti ya tattare. Ki wanke burushi da kananzir da zarar kin gama, sannan ki ba kabad ɗin aƙalla mako guda kafin ki jera kwanuka a ciki, in ba haka ba gindinsu zai bar shaida a kan fentin.