Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Amurka karatu: wace ƙaramar bindiga ce ke tafiya da salansa?

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka, kuma ina taya ka murnar gurbin karatun da ka samu, Allah ya sa ka fara a sa'a. Ka ce wasan harbin saiti ya daɗe yana burge ka, kana so idan ka iso ka mallaki ƙaramar bindiga mai cin harsashin .22 wadda ba ta yawan cijewa, ka ɗaura mata salansa don ƙara ta ragu, shi ne kake tambaya wacce za ka zaɓa. Zan faɗa maka abin da na sani, domin ni ma wasan nan nake yi a ƙarshen mako. Sai dai zaɓen bindigar shi ne mafi sauƙi a cikin zancen. Takardunka su ne kan gaba, kuma da su zan fara.

Dokar tarayya ta Amurka ta hana duk wanda ya shigo da bizar zama na wucin gadi, irin F-1 ta ɗalibai, ya riƙe bindiga ko harsashi. Ka lura da kyau, riƙewa aka hana, ba saye kaɗai ba. Wato ko hayar bindiga ka yi a filin harbi na awa guda, ko aboki ya miƙo maka tasa ka gwada, ka shiga cikin abin da dokar take magana a kai. Akwai 'yan ƙofofi da aka bari, wadda ɗalibai suka fi bi ita ce lasin farauta mai aiki da wata jiha ta bayar. Hukuncin karya wannan doka yana kaiwa ɗaurin shekara 15, bayan haka kuma a kore ka daga ƙasar. Shari'ar Hamid Rehaif sananniya ce a nan. Ɗalibi ne daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ya zo wata jami'a a Fulorida, aka sallame shi daga karatu, izinin zamansa ya faɗi, ya ci gaba da zama, ya je filin harbi ya yi harbi. A kan haka aka gurfanar da shi, maganar ta kai har Kotun Ƙoli a 2019. Ba wanda ya ce ya nuna wa wani bindiga. Harbin takarda ya je yi, irin wanda kake sha'awa.

Sannan ga shekaru da jiha. Dillali mai lasin ba zai sayar maka da ƙaramar bindiga ko salansa ba sai ka cika 21, kuma sai kana zaune a jihar da shaidar zama. Ita salansa tana ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta 1934, dole a yi mata rajista da ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. Za ka cike fom ɗin da ake kira Form 4, a ɗauki zanen yatsunka da hotonka, a binciki tarihinka, kayan kuma suna ajiye wurin dillali har izini ya fito. Shekara da shekaru ana biyan harajin dala 200 kan kowace guda, daga Janairun 2026 aka mayar da shi sifili, amma rajistar tana nan. Jihohi 42 ne suka yarda farar hula ya mallake ta. Idan makarantarka tana Kalifoniya, Niyok, Niyu Jazi, Ilinoi, Masachusets, Rod Ailan, Dalawaya, Hawayi ko birnin Washinton, to ka cire maganar salansa daga ranka gaba ɗaya. Yawancin jami'o'i kuma ba sa barin makami a ɗakin kwanan ɗalibai, ko da jihar ta yarda.

Wani abu da nake roƙonka da girman Allah: za ka ga ana tallar wasu bututu a intanet da arha, ana kiransu matatar mai ko mazubin ruwan wankin bindiga, alhali siffarsu ta salansa ce. Kada ka saya, kada ka karɓa kyauta. Mallakar salansa marar rajista laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara 10, kuma an sha kama mutane a kan waɗannan bututun.

To, bari mu ce ranar ta zo, takardunka sun ba ka dama. Ka fara sanin halin harsashin. Shi .22 LR, wato harsashin .22 da kake magana a kai, tsohon harsashi ne, tun 1887 yake. Sinadarin da ke kunna albarushinsa a cikin gefen gindin kwanson aka shafa shi, allurar bindiga gefen take duka, ba tsakiya ba. Wannan ne ya sa yake da arha, shi ne kuma ya sa yake da raki. Wani lokaci shafin bai zagaye gefen duka ba, sai ka ja kunama ka ji ƙas kawai. Idan haka ta faru ka bar bakin bindigar yana kallon wurin saiti, ka jira kamar daƙiƙa 30, sannan ka fitar. Ka juyo gindin ka duba, za ka ga ɗan tabon allurar a gefe, ya lotsa sosai, amma bai tashi ba. Wannan laifin harsashi ne. In kuwa tabon ɗan ƙanƙani ne da ƙyar ake ganinsa, to bindigar ce ta yi dauɗa ko sifirin allurarta ya gaji. Mutane da yawa suna zagin bindiga mai kyau alhali harsashin garwa mai arha suke ɗura mata.

Abin da ya sa ƙananan bindigogin .22 suka dace da salansa shi ne bututunsu a kafe yake, ba ya motsi. Ƙarfin harbin ne kawai ke tura bayan bindigar ya fitar da kwanso ya ɗauko sabo. Manyan bindigogi irin masu cin 9mm galibi bututunsu yana ɗan ja baya ya karkata, shi ya sa nauyin salansa yake hana su aiki sai an ƙara wata na'ura mai sifirin. A .22 ba ka buƙatar wannan. Abin da kake buƙata shi ne bakin bututun ya zo da tiredi daga kamfani, wato zaren da ake murɗa salansa a kai kamar noti, ma'aunin da aka saba a Amurka kuwa shi ne 1/2x28. Ka sayi wadda ta zo da shi, ya fi maka kwanciyar hankali da kai wa wani ya yanka, domin in tiredin ya karkace ko kaɗan harsashi zai daki cikin salansar.

In ni za ka tambaya, Ruger Mark IV zan nuna maka, musamman samfurin 22/45 mai tiredi. Zuriyarta ta faro tun 1949, an daɗe ana gwada ta, kayan gyaranta ko'ina akwai. Tsofaffin samfuran sun yi suna wajen wahalar haɗawa bayan an kwance, amma wannan da ta fito a 2016 maɓalli guda ne a bayanta. Ka tabbatar babu harsashi, ka sa makullin kariya, ka danna, sai saman ya ɗago ya rabu da mariƙin, ka zaro ƙarfen ciki ka goge. Kada ka raina wannan sauƙin. Salansa tana mayar da hayaƙi da toka cikin bindiga fiye da kima, wadda kuwa take da wahalar kwancewa za ka riƙa ɗaga wankinta zuwa gobe, daga nan cijewa take farawa. Wani alherinta shi ne abin saitinta yana zaune a kan ɓangaren da ba ya motsi, don haka saitin ba ya gocewa. Harsashi 10 take ci.

Browning Buck Mark, wadda take kasuwa tun 1985, ita ce kishiyarta ta gaskiya, masu ita suna yabon laushin kunamarta, sai dai kwance ta yana buƙatar sukudireba da haƙuri. Smith & Wesson SW22 Victory ma tana cikin wannan sahu, noti ɗaya ake kwancewa, amma ka riƙa duba shi yana ɗaure. Akwai kuma masu jikin roba da suka yi kama da bindigar jami'an tsaro: Taurus TX22 mai cin 16, da SIG P322 mai cin 20, dukansu suna zuwa da ɗan ƙarfen da ake ɗaura salansa a kai. Suna da sauƙin nauyi da daɗin riƙo, TX22 kuma ta samu yabo wajen rashin zaɓen harsashi. Ni dai ga mai koyon saiti na fi son mai nauyin ƙarfe, don hannu ya fi tsayawa da ita.

Game da ƙara, ka rage tsammani. Abin da ake nunawa a fim, a yi harbi mutumin ɗaki na kusa bai ji ba, ba haka yake ba. Ƙaramar bindigar .22 ba salansa tana wuce desibel 150 a ma'aunin ƙarfin ƙara, alhali 140 ne iyakar da hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa wa ƙara mai zuwa farat ɗaya. Da salansa mai kyau takan sauko wajen 115 zuwa 120. Ragi ne babba, kunne yana samun sauƙi ƙwarai, amma ana ji sarai, harbin farko ma ya fi na bayansa ƙara saboda iskar da ke cikin salansar. Sannan salansa ba ta iya komai a kan tsawar da harsashi ke yi idan ya wuce gudun sauti, wato kusan mita 343 a daƙiƙa. Shi ya sa ake neman harsashi marar gaggawa, irin CCI Standard Velocity mai gudun ƙafa 1,070 a daƙiƙa, wato kusan mita 326. A gajeren bututu na inci huɗu ko huɗu da rabi, har masu saurin ma da yawa ba sa kai gudun sauti. Amma ka guji masu rauni ƙwarai da ake tallarsu da sunan shiru, ƙarfinsu sau da yawa ba ya isa ya tura bayan bindigar, sai ka koma ja da hannu bayan kowane harbi. Ka sayi ƙananan kwalaye iri uku ko huɗu ka gwada, wanda bindigarka ta karɓa ka tsaya a kansa.

Ita kanta salansar, ka zaɓi wadda ake buɗewa a wanke. Harsashin .22 dalma ne tsirara ko mai ɗan shafin tagulla, da maiƙo a jikinsa. In ka buɗe bayan 'yan ɗaruruwan harbi za ka tarar da faifan cikinta sun yi ɓawon toka-toka mai tauri, kamar ƙanzon gindin tukunya, wani har ya manne da ɗan'uwansa. In aka bari ya taru, buɗewar ma sai ta gagara. Wannan ɓawon dalma ce, guba ce. Ka sa safar hannu, ka yi aikin a waje ko inda iska ke shiga, ban da kicin, ban da kusa da yara, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci. Masu faifan baƙin ƙarfe marar tsatsa sun fi jure kankara da wanki a kan na alminiyam, ko da yake sun fi nauyi. A filin harbi kuma ka riƙa tsayawa, ka cire harsashi, ka taɓa ka ji ko ta sassauta, da tsumma a hannu don tana ɗaukar zafi.

Shawarata gare ka ita ce, shekararka ta farko ka bar wa karatu. Idan ka natsu, ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku ka tambayi ƙa'idarsu, ka kuma biya lauyan shige da fice ya duba matsayinka kafin ka taka filin harbi, domin dokar jiha tana iya fin ta tarayya tsauri. In hanya ta buɗe, ka fara da ajin koyon kiyaye makami, ka tanadi akwatin ƙarfe mai makulli tun kafin bindigar ta shigo gida. Salansa kuwa, da ni ne kai, sai na samu katin zama na dindindin zan nema. Kuma ko ka mallake su, ka sani nan za ka bar su ranar komawa gida, fita da su daga ƙasar ba da izini ba wani babban laifin ne daban.

Ka rubuto mini sunan jihar da makarantar take, in duba maka dokarta. Ka gaida su Baba da Inna.