Kwanar Masu Waya: Caji na nan amma waya ta ɗauke ɗif, mi ke faruwa?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon tambayoyin da suka shigo kusan duk kan batir ne, kuma ban yi mamaki ba tunda mun shiga bazara. Na ɗebo kaɗan daga ciki, wanda bai ga tasa ba ya duba da kyau, wataƙila amsarsa na cikin ta wani.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗan kabu-kabu na nan Mabera cikin Sakkwato. Wayata Infinix ta, ta kusa shekara uku hannuna. Kwanakin ga sai in ga caji 35 ko ma 40, ina ɗaukar kiran fasinja ko in buɗe kyamara sai kawai ta mutu. In na jona ta ga caja ta tashi sai in ga 28. Wani yaro mai gyara yac ce bairos na sai an yi mata filashin, na biya anka yi, hotunana duk sunka tahi kuma ba ta daina ba. Don Allah mi ka kawo wanga abu?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya, Allah kuma ya mayar maka da alheri kan hotunan nan don wallahi filashin ɗin, wato goge manhajar waya a sake ɗora ta, asara ce kawai. Batirinka ne ya gaji. Alamun da ka lissafa ko ba a kwance wayar ba sun isa a gane, musamman wancan da ka ce in ka jona ta sai ta tashi da 28.

Lambar nan da kake gani a saman sikirin kirdado ce. Akwai wani ɗan ƙaramin aisi a cikin waya da ke lissafin wutar da ta shiga da wadda ta fita, ya haɗa da ƙarfin batirin, sai ya ce maka saura kaza. Amma abin da ke riƙe waya a kunne shi ne bolt, wato ƙarfin wutar da batir ke iya bayarwa a daidai lokacin da aka nema. Batirin litiyom na waya in ya cika yana kai wajen bolt 4.2 zuwa 4.4, in kuma ya sauko kusa da 3.3 ko ƙasa da haka waya na kashe kanta da kanta don kar batir da fanel, wato allon da kayan cikin waya ke kai, su lalace. Toh shi batir yana tsufa cikinsa na ƙara tsauri, wuta ba ta fitowa da sauƙi kamar da, in wayar na ajiye ba ka taɓa ta ba zai lallaɓa ya ba ta ɗan abin da take so, amma da ka buɗe kyamara ko kira ya shigo a inda sabis ke rawa sai ta fizgi wuta mai yawa lokaci guda, bolt ɗin ya zube ƙasa da wancan layin na ɗan ƙiftawar ido, shikenan ta ɗauke. Kamar ƙaramin janareta ne da ya tsufa, akwai mai a tanki, yana riƙe da ƙwai biyu da fanka lafiya lau, kana jona dutsen guga ya yi tari ya mutu. Bayan ta mutu an daina jan wuta sai bolt ɗin ya farfaɗo, shi ya sa kake ganin 28 in ta tashi.

Kuma shekara uku ai ta yi ƙoƙari. Apple ma da kansu sun ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, wayoyin Android ma yawanci ba su yi nisa da haka ba. Cikakken caji ɗaya shi ne ka cinye kashi 100, ko a zama ɗaya ko rabi yau rabi gobe. Kaga mai caji kullum kafin shekara ɗaya da rabi ya wuce 500.

Sai babban abokin gaba, zafi. Su Apple ɗin sun ce zafin da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batir har abada, mu kuwa nan Sakkwato daga Maris zuwa Mayu 40 ake wucewa ba tare da wani ya ce uffan ba. Kai kana kan babur tun safe, waya na aljihun gaba rana na dukanta, data a kunne, da yamma ka kai ta shagon caji a jera ta cikin wasu ashirin, wata kan wata a kan katako ƙarƙashin kwano, kowace na fitar da nata zafin. Ka taɓa karɓo waya daga ɗan caji ka ji ba ka iya sa ta a kunne? Toh wannan zafin shi ke cin batir fiye da komai. Ka riƙa cire mata riga in za a yi caji, ka roƙe shi ya ajiye ta ita kaɗai a inuwa, in ta yi zafi a bar ta ta huce kafin a jona. Amma wannan na sabon batir ne da za ka sa, wanda ke ciki yanzu ba abin da zai dawo da shi, canzawa kawai.

TAMBAYA: Ina wuni Malam. Ni ɗaliba ce a jami'ar Ɗanfodiyo. Yayana ya sawo min iPhone 11 'yar Landan, mai shagon ya nuna mana lafiyar batir 100. Wata uku ke nan, yanzu tana mutuwa a 20, da sanyin da ya wuce kuwa in na fito lakcar safe ko 50 ce sai ta mutu. Kuma ta yi nauyi, komai sai ta yi tunani kafin ta buɗe. An cuce mu ne?

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ki yi lissafi da kanki, iPhone 11 ta fito a 2019, ta yaya wayar da wani ya yi shekaru yana amfani da ita za ta zo da batir 100? Ko dai an canza batirin kafin a sayar, ko kuma an yi masa abin da 'yan kasuwa ke cewa bustin, wato a liƙa wani ɗan fanel ko a sa na'ura a goge lissafin cajin da aka yi, lamba ta koma 100 batir kuwa yana nan da tsufansa. Ki shiga Settings, General, About, in an sa batirin da ba na Apple ba wayar kan rubuta Unknown Part a wurin, wannan tun daga kan XR da XS suke yi. Sai ki shiga Battery ki duba Battery Health, ki karanta abin da aka rubuta a ƙasan lambar, can ne za ta gaya miki in batirin ya yi rauni sosai har yana buƙatar canji.

Nauyin da kike ji yana da tarihi. A ƙarshen 2016 mutane suka yi ta kuka iPhone 6s na mutuwa da saura caji, har Apple suka buɗe shirin canza batir kyauta ga wasu da aka ƙera a Satumba da Oktoba na 2015. A farkon 2017 suka fitar da iOS 10.2.1 wanda ke rage gudun waya in batir ya tsufa don kar ta fizgi wutar da zai kasa bayarwa, amma ba su fito sun yi wa mutane bayani ba sai Disamba 2017 da aka gano. Aka yi ca a kansu, suka ba da haƙuri, suka rage kuɗin canza batir daga dala 79 zuwa 29 na tsawon 2018, suka kuma sako wannan Battery Health ɗin a iOS 11.3. Faransa ta ci su tarar yuro miliyan 25 a 2020. Ni dai a ganina dabarar rage gudun ba ta da laifi, ɓoyewar ce ta ja musu, don mutane da yawa sun sayi sabuwar waya alhali batir kawai za su canza.

Maganar sanyi kuma gaskiya ce, sanyi na ƙara wa batir wancan tsaurin na ɗan lokaci, shi ya sa a safiyar hunturu mai rauni ke saurin faɗuwa, rana na ɗagawa ya dawo daidai. Ki koma da yayanki wajen mai shagon ku yi magana ta fahimta, ko ya canza batir ko a raba kuɗin, in ya ƙi ku canza da kanku, wayar ba ta mutu ba.

TAMBAYA: Malam bayan wayar maigidana ya ɗago, sikirin ma ya fara ɓanɓarowa ta gefe. Yac ce tunda tana aiki a bar ta, ya ɗaure ta da roba. Da dare ƙarƙashin filo yake sa ta a caji. Uwargida daga Arkilla.

AMSA: Hajiya don girman Allah yau ɗin nan a kashe wayar nan a daina jona ta. Batirin ya kumbura, iska ce ta taru a cikinsa, in aka matse shi ko wani abu ya huda shi yana iya kamawa da wuta, ga roba an ɗaure ga filo ga katifa. Kar kowa ya ce zai soke shi da allura ya sace iskar, na san ana yi. A ajiye ta kan siminti nesa da yara har a kai wa mai gyara. In Alhaji ya yi gardama a tuna masa Galaxy Note 7, a 2016 Samsung sai da suka janye ta gaba ɗaya daga kasuwa saboda batir na cin wuta, har jiragen sama suka hana shiga da ita.

TAMBAYA: Na canza batirin Tecno tawa sau biyu cikin wata shida, kowanne sati uku ya fara irin halin na da. Anya batir ne kuwa? Kuma ya ake gane orijina? Mai shagon tireda, Gawon Nama.

AMSA: Alhaji tambayarka biyu ce kuma ta farkon tana da muhimmanci, don ba kowace mutuwar waya ce batir ba. Ka gwada wannan, ka jona ta a caja mai kyau ko fawa bank ka yi duk abin da ke kashe ta, bidiyo, kyamara, kira. In ta tsaya daram a kan caja, ana cirewa ta fara iskanci, batir ne. In kuwa ko a jone tana mutuwa, ko tana ta kunna kanta tana tsayawa kan tambarin Tecno, toh a duba wani wuri, yana iya zama soket ɗin da batir ke maƙalewa a fanel ya yi sako-sako bayan faɗuwa, ko madannin kunnawa ya maƙale, ko aisin wuta, ko ruwa ya taɓa shiga. Injiniyan da ya san aikinsa zai cire batir ya jona fanel a injin wutarsa na kan tebur ya kalli yadda allura ke motsi, minti biyar ya gaya maka. Wanda bai sa mita ba ya ce maka filashin, ɗauki wayarka ka ƙara gaba.

Amma tunda ka ce kowanne na yin sati uku lafiya kafin ya fara, ni na fi zargin jabu ake sa maka, ko tsohon kaya da ya daɗe a shago cikin zafi, ko wanda aka ciro daga wata wayar aka sake masa takarda. Kasuwar batir ta cika da wannan, daga Bello Way har Farm Centre ta Kano, akwai na kirki akwai na banza a shago ɗaya, kuma sau da yawa mu ne ke cewa a sa mana mai araha. Batiran Tecno da Infinix da itel suna da lamba a jiki mai farawa da BL, ka tabbata ta sabon ta yi daidai da ta tsohon harafi da harafi, kar ka yarda da “ai zai shiga”. Ka riƙe tsohon a hannu ɗaya sabon a ɗaya, in sabon ya fi sauƙin nauyi sosai alhali mAh ɗin da aka rubuta, wato yawan cajin da yake ɗauka, ɗaya ne ko ma fiye, ƙarya ce rubutun. Ka duba kwanan watan da aka ƙera shi. Sannan ka nemi garanti a rubuce ko na wata uku ne, mai kaya mai kyau ba ya jin tsoron wannan. Carlcare su ne masu gyaran waɗannan wayoyin a hukumance, kuɗinsu kan ɗara na bakin titi, amma kai da ka riga ka biya sau biyu ka san inda arahar ta kai ka.

Ranar da za a canza ka tsaya a wurin. Wayoyin yanzu da gam ake manne bayansu da batirin, sai an ɗumama an ɓanɓare a hankali, in ka ga yaro ya ɗauko sukundireba zai tura ƙarƙashin batir ya ɗaga da ƙarfi ka tsayar da shi. Ka cire sim da memori, kar ka ba da lambar buɗe waya, canza batir ba ya buƙatarta, balle kai mai shago da manhajar banki ke ciki. In an gama ka buɗe da hannunka ka gwada caji da kira da kyamara kafin ka biya. A gida ka yi amfani da ita har ta mutu da kanta sau ɗaya, ka cika ta zuwa 100 ba tare da cirewa ba, don lissafin wayar ya saba da sabon batir. Sau ɗaya ya isa, kar ka mayar da shi ɗabi'a, batirin litiyom ya fi son zama tsakanin 20 da 80. Tsohon kuma ka bar shi wajen mai gyara, kar a jefa shi a juji, kun san yadda ake cinna wa shara wuta a unguwanninmu ga yara na wasa a gefe.

TAMBAYA: Wai da gaske ne in an sa batir a firiza ya kwana yana dawowa sabo? Ɗan sakandare, Wamakko.

AMSA: A'a yarona. Sanyin ba ya gyara komai, kuma in ka fito da shi raɓa za ta kwanta a kansa ta shiga inda bai kamata ba. Haka manhajojin nan masu cewa suna gyara batir, talla kawai suke nuna maka suna ƙara cinye cajin. In kana son sanin lafiyar batirinka a Android ka sauke AccuBattery ka bar ta ta yi lissafi na 'yan kwanaki, masu Samsung kuma su duba cikin Samsung Members.