Sihiri da kumbo a littafi ɗaya: zama guda ya isa a yanke wa sabon wasa hukunci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokaina huɗu mun jima muna buga Dungeons & Dragons, ni ne jagora. Kwanan nan muka samu wani sabon wasa da ya gwama sihiri da kimiyya, ga matsafa ga kumbo ga saƙago. Hotunan littafin sun tafi da imanina. Amma zamanmu na farko bai yi armashi ba: awa biyu muka ɓata wajen haɗa jarumai, muka yi faɗa ɗaya tak, sai lokaci ya ƙare. Mutum biyu har sun ce mu koma wa tsohon wasanmu. Laifin wasan ne ko namu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da taimaka wa wanda bai taɓa zama a irin wannan tebur ba. Wasa ne na baki da takarda da fensir. Mutum ɗaya, jagora, shi ke bayyana duniyar labarin, sauran kowa ya riƙi jarumi ɗaya yana faɗin abin da jaruminsa zai yi. In abin na da haɗari, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo ta raba gardama, illa dai nan akwai mai fuska 4, 6, 8, 10, 12 har 20.

To, amsarka a taƙaice: har yanzu ba ku buga wasan ba. Rajista kuka yi.

Awa biyun da kuka kashe wajen cike takardun jarumai ba su nuna maka komai game da wasan ba, sai dai yawan zaɓin da ke cikinsa. Kowane sabon tsari haka yake yi wa mutane a ranar farko, har da wanda kuke kewa yanzu. Kun dai manta wahalar da kuka sha ne lokacin da kuke koyonsa. Kuma akwai rashin adalci a gwada wasan da kuka haddace da wanda jagoransa ke buɗe shafi yana laluben doka kowane minti biyar.

Gamin gambizar da ta ba ku mamaki kuwa ba yau aka fara ta ba. Dungeons & Dragons ya fito a Amurka a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson. Shekara biyu kacal bayan haka James Ward ya fitar da Metamorphosis Alpha, inda labarin ke gudana cikin wani makeken kumbo da mazauna cikinsa suka manta cewa a kumbo suke. A 1978 Gamma World ya biyo baya. Shi kansa Gygax a 1980 ya jefa mayaƙa masu takobi cikin ɓaraguzan kumbo a labarin wasa mai suna Expedition to the Barrier Peaks. Don haka sabon wasan da ya zo yau yana taƙama da cewa ya haɗa tsafi da na'ura, wannan kaɗai bai isa abin yabo ba. Abin tambaya shi ne, haɗin ya shiga cikin dokoki, ko a hoto kawai ya tsaya?

Nan nake so ka daɗe. Ɗauki littafin ka buɗe shafin makamai, ka kuma buɗe shafin sihiri. In bindigar leza da sandar matsafi duk abu ɗaya suke yi, jifa iri ɗaya, ɓarna iri ɗaya, nisa iri ɗaya, to fenti kawai aka sake. Tsohon wasanku ne sanye da hular 'yan sama jannati. Kwatanta da Shadowrun na 1989. A can kowane jarumi yana farawa da maki 6 na abin da za mu iya kira cikar halittarsa. Duk ƙarfen da aka dasa masa a jiki, hannu ko ido, sai makin ya ragu, kuma in matsafi ne sihirinsa na raguwa tare da shi. Ka ga ɗan wasa dole ya tsaya ya yi tunani: in karɓi idon na'ura mai gani cikin duhu in rasa wani ɓangare na tsafina, ko in haƙura? Marubucin bai buƙaci shafi goma yana ba ka labarin gabar da ke tsakanin sihiri da na'ura ba. Takardar da ke gabanka ta faɗa maka.

Numenera na Monte Cook, wanda ya fito a 2013, wata hanya ya bi. Ya kai labarin shekara biliyan ɗaya nan gaba, mutane na rayuwa kan kufan wayewar da suka shuɗe, suna tsintar na'urorin da ba su fahimta ba suna kiran su sihiri. Yawancin abin da ake tsinta sau ɗaya yake aiki ya mutu, kuma sabon jarumi biyu ko uku kawai zai iya riƙewa lami lafiya. Wannan 'yar dokar ita ke hana rowa. Ba mai ɓoye abu yana jiran babbar rana, kowa amfani yake yi ya nemi wani. Irin wannan nake nema a sabon wasa kafin in ce ya burge ni: doka guda, ko da ƙarama ce, da ke sauya halin mutane a tebur.

Sai ƙwaya. Mutane na raina wannan, alhali ita ke sa wasa ya yi ɗanɗano dabam. Ƙwaya mai fuska 20 kowace lamba tana da kashi 5 cikin ɗari na fitowa, saboda haka ƙarin maki ɗaya kashi 5 kawai yake ƙara maka. Amma a tsarin ƙwaya biyu masu fuska 6, irin na Traveller na 1977, in ana neman 8 ko sama da haka damarka kusan kashi 42 ce, ƙarin maki ɗaya kuwa ya kai ta 58. Wanda ya saba da na farko, in ya zo na biyu sai ya riƙa raba ƙari da ragi kamar yadda ya saba, wasa ya karkace, a ce tsarin ne bai da kyau. Duba wanne naku yake amfani da shi kafin zama na gaba.

Akwai kuma wata cuta da ta addabi wannan nau'in musamman: zaman jira. Da zarar an shigo da kumbo ko kutsen kwamfuta, sai ka ga mutum ɗaya yana wasa, huɗu suna kallo. Masu buga Shadowrun sun daɗe suna kuka da haka a kan mai kutse. Starfinder na kamfanin Paizo, wanda ya fito a 2017, ya yi ƙoƙarin magance ta a faɗan kumbo ta hanyar raba aiki: kyaftin, matuƙi, maharbi, injiniya da jami'in kimiyya. Ko hakan ma ba kullum yake isa ba. Na taɓa jagorantar wani wasa, ba zan ambaci sunansa ba, inda matuƙinmu ya sunkuya kan taswira yana lissafin juyi, injiniyan kuma ya jefa ƙwaya sau ɗaya ya koma yana zana kyanwa a gefen takardarsa. Da muka tashi ya cika shafin da kyanwoyi. Littafin kyakkyawa ne matuƙa, kyan ɗan maciji.

Ga abin da zan ce ka yi. Ka roƙi abokan nan biyu zama guda, ɗaya tak. Kada kowa ya haɗa jarumi. Yawancin sababbin wasanni na zuwa da jarumai shiryayyu da gajeren labarin gwaji, in naku ba shi da su, kai ka shirya huɗu a gida. Ka rubuta dokar jifa da dokar faɗa a takarda guda ka ajiye tsakiyar tebur. Ka fara labarin daga tsakiyar matsala, misali iskar shaƙa na ƙarewa a kumbo kuma ƙofar da za ta fitar da su an ɗaure ta da tsafi. In doka ta shige maka duhu, yanke hukunci nan take, ka duba littafi bayan an tashi.

Kana jagoranci kana lura da abu biyu. Na ɗaya, minti nawa mutum ke yi bai buɗe baki ba. Na biyu, ko wani ya yi abin da ba zai yiwu a tsohon wasanku ba, kuma dokar ta ba shi hannu maimakon ta tare shi. In an tashi ba wanda ya yi irin wannan, mutanenka biyu sun yi gaskiya, ku koma abinku. Littafin ka riƙe shi, ka tsinci dodanninsa da taswirorinsa ka zuba a wasan da kuka iya.