Re: Ƙanwata mai raunin fahimta, ya halatta mu yanke mata hukunci?

'Yar'uwa kin ce ƙanwarki tana da raunin fahimta tun haihuwa, yanzu ta girma, dangi na so a kai ta asibiti a juya mata mahaifa ba tare da an gaya mata ba wai don kar wani ya yi mata ciki. Gaskiya ni ban goyi baya ba.

Tsoron nasu na gane shi, amma fa aikin ba zai hana mugu zuwa ba, cikin kawai zai hana, wani lokacin ma rufa wa mugun asiri zai yi. Kuma an taɓa bin wannan hanyar. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta amince a yi wa wata budurwa mai suna Carrie Buck irin wannan aikin dole, alhali fyaɗe aka yi mata ta samu cikin, daga baya masu bincike suka nuna ba ta ma da raunin da aka laƙaba mata. Sama da mutum 60,000 aka yi wa haka a ƙasar.

Shi ya sa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, sashe na 12, ta ce a taimaka wa mai nakasa ya yanke shawara da kansa. Raunin ai hawa-hawa ne, wacce ba ta iya lissafin kuɗi tana iya sanin wanda take so da wanda take gudu. Ku zauna da ita da likita, a yi mata bayani a hankali ko da hoto ne, a maimaita, akwai hanyoyin tsarin iyali da ake iya dainawa. Sannan ku koya mata cewa "a'a", ku sa ido kan masu shiga wajenta.